Ranar da Na Raba wa Mata Talatin Ƙuguna

Shekarar da aka yi mini aikin ido a Gwagwalada ce, saura sati uku bikin jikata. 'Yata Hadiza, mai rubuta wa kwamfuta umarni, ta gina shafin intanet da matan anko ke saka awonsu, tela a Mararaba yana ɗauka daga can.

Ina tsaye a kanta, na kasa zama. Ta nuna mini wani layi ta ce, "Mama, kowace mace da akwatinta. Wannan kuwa sitatik ne, kamar randar tsakar gida. In an taɓa shi, an taɓa wa kowa."

Na ce na ji, alhali hankalina na kan zanina. Ban yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace mini. Tana tashi salla na hango talatin da biyu a layin nan, na ɗauka awon ƙuguna ne. Ni? Ƙuguna arba'in da takwas ne tun haihuwar fari! Na goge, na gyara da yatsa ɗaya, har ina yaba kaina.

Jajiberin biki ɗinki ya iso: siket talatin, duk awona. Blessing, ƙawar amarya, ta shiga nata ita da ƙanwarta, da sauran wuri. Hadiza ta kira tela, ya ce, "Madam, ni na ɗauka danginku duka haka yake."

Da fil da igiya aka yi bikin.

Telan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Blessing na nan Kuje da 'ya'ya uku, kuma har yau in ta hango ni sai ta ware hannuwa ta ce, "Mama Injiniya, yau wa za a auna?"