Rasuwar Hannatu, Ƙararrawar Cocinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai ɗacin da zuma ba za ta wanke ba, ni Tadawus Maigari, wanda aka fi sani da Mai-igiya, a madadin kaina da matata Sisiliya da ragowar tsofaffin da kunnensu bai mutu ba tukuna, nake sanar da rasuwar uwarmu Hannatu, ƙararrawar ƙaramin cocinmu na Katolika da ke bayan garin Jega, ta hanyar Maiyama. Ta rasu ranar Asabar, jajibirin Ista, idin tashin Almasihu daga matattu, bayan gajeriyar jinya a hannun masu gyara. Ba tsufa ya ɗauke ta ba, kuma ba tsawa ce ta faɗa mata ba. Kwamitin coci ne ya kashe ta, cikin kyakkyawar niyya da cikakkiyar wauta.

Ga wanda zai yi mamakin ƙarfe da suna, a wurinmu ba a rataye ƙararrawa sai an wanke ta da ruwa mai tsarki, an shafa mata mai, an yi mata turare, an raɗa mata suna kamar jaririya. Ita sunan mahaifiyar Maryamu aka sa mata. Wani Fada Bature, limamin coci, shi ne ya zo da ita a bayan mota tun ina saurayi, sabon zuwa daga ƙasar Zuru, ina leburanci a wurin magina. Ina cikin waɗanda suka ɗaga ta bisa ƙarafunan da aka kafa mata a bayan coci, gindin darbejiya. Ranar aka miƙa mini igiya don na fi kowa tsawo, kuma ban sake ta ba har gashin kaina ya yi fari.

Marigayiya ta kasance mai riƙon alƙawari. Da safe, da tsakar rana, da faɗuwar rana, takan kira mu mu tuna gaisuwar da mala'ika ya yi wa Maryamu: gaaan, gaaan, gaaan, ta yi shiru mu yi addu'a, ta sake. Ba ta taɓa jiran wuta ba, ba ta taɓa neman batir ba. Ranar aure muryarta dariya ce, gan-galan, gan-galan, har kaji su watse. Ranar mutuwa kuwa bugu ɗaya take yarda da shi, gaaaan, sai in tsaya har sautin ya gangara fadama ya ɓace cikin albasa, kafin in ƙara. Ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san talaka ba; yadda ta raka ɗan kasuwa haka ta raka mai shara. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun saba da ita, in ta yi ta tsakar rana masu ban-ruwa sukan miƙe ƙugu su nemi inuwa, sun san azahar ta kusa.

Dole in ambaci matata a nan, domin ita ce mai babban rashi. Sisiliya, wadda har yau unguwa ke kira Amariya ko da yake jikokinta sun yi aure, ita ce take ba da waƙa a Zumuntar Mata a zamaninta. Damina biyu ke nan tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, muryar da take cika coci ta koma raɗa. Ba ta iya zuwa Misa. Hannatu ce take shigo mata da coci har ɗaki, ta taga. Ba ta taɓa roƙona zane ba, ba ta taɓa roƙona ɗan kunne ba. Abu ɗaya ta roƙa, ta kuma maimaita shi har na haddace: ranar da ta cika, in raka ta da Hannatu da hannuna, kamar yadda na raka mahaifiyarta. Na ɗauki alƙawari. Ban san akwai masu shirin karya mini shi ba.

Game da ciwon ajali, ga yadda abin ya faru. Kowace shekara, daga yammacin Alhamis Mai Tsarki zuwa jajibirin Ista, ƙararrawa takan yi shiru don juyayin mutuwar Ubangijinmu. Kwana ukun nan da katako ake kiran mutane, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Ni kuma al'adata ita ce in naɗe igiya in ɗaure ta sama, kuma ba na bi ta bayan coci ko sau ɗaya, don kada hannuna ya yi ƙaiƙayi. Kowa ya san wannan. Ciyaman Barnabas, shugaban kwamitinmu, mai shagon kayan wuta a kasuwar Jega, ya fi kowa sani.

An ce Bishop zai kawo mana ziyara bayan Ista, sai zazzaɓin kwalliya ya kama kwamiti. Suka cire tsoffin hotunan Hanyar Gicciye da wani masassaƙi ya yi da icen maɗaci, suka liƙa na roba masu sheƙi. Suka zagaye siffar Maryamu da ƙananan fitilu masu ƙiftawa, ja, kore, ja, kore, kamar shagon aski. Na ga duk wannan na haɗiye. Daga nan idon Ciyaman ya kai kan Hannatu. Koren da shekaru suka shafa wa tagullarta, wanda ni nake gani kamar furfura, shi datti ya gani. Ya kuma ce zamani ya wuce a ce tsoho yana jan igiya, za a sa mata inji mai bugawa da kansa.

Ranar Jumma'a Mai Tsarki, muna cikin coci a durƙushe muna sumbatar gicciye, su suna baya suna sauke ta. Sun zaɓi ranar da ba wanda zai yi cigiyarta, don ba wanda yake jiran ya ji ta. Suka ɗora ta a amalanke kamar buhun albasa, sai garejin walda. A can aka goge ta da injin gurza ƙarfe, har rubutun Latin da ke wuyanta, wanda ba mai iya karantawa a cikinmu amma kowa yana girmamawa, ya bi iska. Aka huda leɓenta don ɗaura injin bugawar. Ta tsage. Aka liƙe tsagar da walda, aka bi ta da fentin mota ruwan zinariya, hawa kan hawa, don a rufe aika-aikar. Ban ga laifin mai walda ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi, da ƙofar gareji aka kai masa ma haka zai yi mata. Injin kuwa bai hau ba, sai suka mayar da igiya suka rataye ta kafin la'asar ranar Asabar. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, garin neman gira aka rasa ido.

Saboda halin da hanyoyi suke ciki, yanzu da sauran haske muke yin Misar jajibirin Ista. Fada ya iso daga Aliero, mutanenmu na Mungadi da Jandutsi sun cika benci. Da aka kusa waƙar Ɗaukaka ga Allah, lokacin da ƙararrawa take buɗe baki bayan azuminta, na zagaya baya. Na ga wani abu yana walƙiya a gindin darbejiya kamar haƙorin Makka. Na so in tsaya in duba, amma waƙa ta riga ta tashi, sai na kwance igiya na ja da duk ƙarfina.

Kwaf.

Na sake ja. Kwaf. Kamar an jefi tsohuwar tukunya da takalmi. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe a bainar jama'a, kuma ko akuyar da ke kwance a gindin ƙarafunan ba ta ɗaga kai ba. A cikin coci aka ci gaba da waƙa. Ciyaman ya leƙo ta taga yana murmushi, yana nuna mini fentin da yatsa, wai in yaba. Allah ya sani, ban taɓa jin ƙyamar wani abu a duniya kamar yadda na ji ƙyamar wannan ruwan zinariya ba.

Marigayiya ta rasu ta bar igiya ɗaya, wadda tafin hannuna ya goge har ta yi santsi. Ta bar ƙanenta, katakon Jumma'a Mai Tsarki, wanda yanzu shi ne babba a gidan. Ta bar ƙaramar ƙararrawar bagade, ta gaban Fada a cikin coci, marainiya, mai muryar da ba ta wuce ƙofa. Ta bar jemagun darbejiya, da ni, da mara lafiya guda a ɗaki.

Ta kuma bar magaji, in har za a kira shi haka. Da kwamiti suka ga abin da suka yi, ba wanda ya ce a yi haƙuri. Sai Ciyaman ya kawo lasifika daga shagonsa, ya ɗaure a reshe, ya haɗa da waya mai ɗauke da muryar wata ƙararrawa ta ƙasar da ba mu sani ba. Ya ce wai ta fi tamu zaƙi. Ran farko ta yi bugu biyu, wata mata ta katse ta da Turanci tana cewa batir ya ƙare. Rana ta biyu, muna tsaye da carbi a hannu, sai tallan maganin basir ya fito, har fadama. Tsofaffin mata suka yi alamar gicciye don sabo, sannan suka tsaya suna kallon juna. Duk wayoyin da ke aljihun kwamiti, masu ɗaukar hoton shinkafa ranar biki, ba a samu ko ɗaya da ta taɓa ɗaukar muryar Hannatu ba.

Cikin masu ta'aziyya, ina miƙa godiya ta musamman ga maƙwabcina Malam Attahiru, manomin albasa, wanda ya riga 'yan cocinmu zuwa. Ya yi sallama ya tsuguna a ƙofar gida, ya ce, "Mai-igiya, lahiya dai? Mun san tsohuwar taku tana shiru kwana ukku duk shekara, amma bana shirun ya wuce. Mi as same ta?" Da na faɗa masa, sai ya ce, "Subhanallahi. Abin da ba shi da ciwo, mi ak kai shi ga magani? Allah shi ba ku haƙuri." Daga kwamiti kuwa har yau ba mu ga ƙeyar kowa ba.

Ba su tsaya nan ba. Makon da ya wuce na iske an sake sauke Hannatu, 'yan gwangwan sun zo da sikeli. Abin da aka shafa wa mai, aka kira da suna, za a auna shi tare da matattun injinan ban-ruwa da ƙafafun keke. Na zauna a kanta na ce sai dai a auna da ni. Allah ya saka wa Fada da alheri, ya zo ya tuna musu abin da kowane ɗan katikisma ya sani, cewa abin da aka tsarkake ba a sayar da shi, ba a jefar da shi, binne shi ake yi. Ya ba ni izinin riƙe gawar har a sa rana. Malam Attahiru ya ba da amalankensa da shanunsa, muka kawo ta gida, na rataye ta a icen tsakar gida, daidai tagar Sisiliya.

Na so in ɓoye wa matata, amma wa zai ɓoye wa mawaƙiya murya? Tun ran da lasifika ta fara, Sisiliya ta kira ni da ido, na kai kunne bakinta, ta ce, "Wagga ba Hannatu ba ce." Da muka kawo gawar na gaya mata komai, na ce ta yafe mini alƙawari, don abin da zan raka ta da shi ya riga ta tafiya. Ta ce in buga ta ji. Na buga. Kwaf. Ta rufe ido. Sai ta ce, "Maigida, ni ma tawa murya ta tahi. Ka kai ni ga 'yan gwangwan?" Na ce a'a. Ta ce, "To, ka raka ni da ita hakanan."

Saboda haka, ga tsarin jana'iza. Gawar marigayiya tana gidana, bayan injin niƙa, ga mai son ganinta, daga safe zuwa yamma. Ina roƙon kada a zo da furen roba, kuma kada a ce mini fentin ya yi kyau. Ana zaman makoki a ƙarƙashin icen. Mai zuwa ya zo da carbinsa, ya kashe wayarsa a ƙofa.

Ranar binnewa ba a sa ba, tana hannun Allah, domin rana ɗaya ce da ta matata. A ranar za a kashe lasifika, in ba a kashe ba zan hau da kaina in sauke ta. Za a mayar da Hannatu gindin darbejiya, in kama igiya in yi wa Sisiliya bugu ɗai-ɗai, yadda ake yi, ina jira tsakanin kowane bugu kamar akwai sautin da zai gangara fadama. Bayan an rufe kabarinta, za a sauke ƙararrawa a binne ta a gefenta, a bar mini wuri ta ɗaya gefen. An tanadi benci na musamman ga Ciyaman Barnabas da kwamitinsa, a gaba, dab da ƙarafunan, inda ba bugun da zai wuce su.

Hutawa ta har abada ka ba ta, ya Ubangiji. Mu kuma da aka bari da masu gyara, ka ji ƙanmu.

Sanarwa daga Tadawus Maigari, Mai-igiya, mijin Sisiliya.