Yadda Na Danne Yayana a Gaban Mai Girma

Kafin in shiga magana, ya dace in gabatar da waɗanda abin ya shafa, don kada mai karatu ya rikice. Akwai ni, mai wannan shafi. Akwai Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon masinjan ofis da ya yi ritaya. Akwai matarsa, wadda duk gidan muke kira Iya. Akwai Likita, sa'ar 'yata ce, ita ce mai aikin kashe zafin ciwo a asibitin da aka kwantar da Yaya. Akwai wani mai baƙar kwat da waya a kowane hannu, wanda aikinsa shirya wuri kafin manya su iso. Zan kira shi Mai Share Hanya. Sai kuma shi kansa Mai Girma, Rumfar Marasa Lafiya, wanda bai taɓa makara ba, sai dai agogo ya yi gaggawa.

Abin da ya faru shi ne, a makon jiya, ni da furfurata, na kwanta a kan ƙirjin Yayana a bainar jama'a, yana zagina ina ƙara riƙe shi. Tunda hoton abin ya riga ya bazu, gara a ji bayanin daga bakina.

Yaya ya zame ne a banɗaki, ƙashin kwatangwalonsa ya karye. Aka yi masa aiki, aka sa masa gaɓar ƙarfe. Aiki ya yi kyau, amma zafin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Mutumin da ban taɓa jin kukansa ba, ko ranar da muka binne mahaifinmu, sai ga shi yana cizon matashin kai. Allurar da aka fara yi masa ba ta raba shi da ciwon ba, sai amai da magagi, har ya riƙa kiran Iya da sunan wani tsohon shugabansa.

Da gari ya waye Likita ta turo wata na'ura mai allo. Ta ɗora kan na'urar a inda cinya ta haɗu da mara, tana kallon hoton cikin jiki, har ta gano jijiyar da take nema. Ta soka siririyar allura, ta zuba magani a kewayen jijiyar. Na tambaye ta hikimar abin.

Ta ce, "Baba, ciwon yana nan inda yake. Hanyar da saƙonsa ke bi ya kai ga kai, ita na tare."

Na ce, "'Yata, wannan ilimi ai manyanmu sun riga ku. Ƙasa na ihu, kai bai ji komai ba."

Ta yi dariya, sannan ta ɗaure fuska. Ta ce maganin da ya kwantar da zafin ya kwantar da ƙarfin cinyar ma. Yaya zai ji kamar ya warke, alhali ƙafar ba za ta ɗauke shi ba. Kada ya kuskura ya miƙe sai mai koyar da tafiya ya zo da ƙarfen dogarawa. In ya faɗi, gaɓar na iya gocewa, kuma ba ta da tabbacin zuciyarsa za ta jure aiki na biyu. Da ni take magana, amma Iya ce ta fashe da kuka.

Ba a jima ba Yaya ya buɗe ido, ya nemi shayi, ya nemi hularsa. Muka gode wa Allah.

A nan ne na lura asibitin ya canza kama. An shafa wa bango fenti iya inda ido ke kaiwa. An kawo zannuwan gado sababbi fil, da alamar ninki a jikinsu. Fankar da ta daɗe da rasuwa ta tashi. Ashe maganin jijiyar nan ma, da aka daɗe ana cewa babu shi, ya bayyana ne saboda Mai Girma zai zo ya ga yadda ya raba talakawa da ciwo. Ban ƙi ba. In ziyara ce ke kawo magani, Allah ya sa ya tare a asibitin da iyalinsa.

Sai ga Mai Share Hanya. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ce, duk wanda aka yi wa sabuwar allura zai tsaya a gefen gadonsa idan Mai Girma ya shigo, don duniya ta shaida.

Likita ta ce, "Ba mai tashi a ɗakin nan."

Ya ce, "Suna jin ciwo?"

"Ba sa ji."

"To wanda ba ya jin ciwo, me ya hana shi tashi?"

Ta fara yi masa bayani, ya kara waya a kunne. Jim kaɗan aka aiko ana nemanta a ofis, wai taron gaggawa. Da za ta fita ta matso kusa da ni ta ce, "Baba, amanarsa na hannunka."

Sai an san Yaya za a gane nauyin wannan amana. Tun yana saurayi har ya tsufa, aikinsa tashi ne. Ƙarar motar shugaba yake ji ya miƙe. Ko a gida, in babba ya kira shi a waya, tsaye yake amsawa, har da rusunawa. Na taɓa ganinsa ya miƙe wa rediyo.

Na ce, "Yaya, ka ji abin da Likita ta ce."

Ya ce, "Na ji. Yarinya ce, ba ta san manya ba. Ni babba zai shigo ya same ni a miƙe kamar buhu?"

"Ƙafarka ba ta da ƙarfi."

"Ƙafata ce ko taka? Rabon da in ji daɗinta haka tun kafin a yi maka kaciya."

Iya ta ce, "Malam, don girman Allah ka rufa mini asiri."

Ya ce, "Ke kuma gyara mini hula."

An ce Mai Girma zai iso da hantsi. Rana ta take, ta karkata, muna nan. An hana masu jinya fita, an hana kawo abinci don kada a ɓata zannuwa. Na zauna a bakin gadon ina gadin mutumin da ya goya ni ina yaro.

Can sai jiniya. Wallahi ban ce Yaya ya yi niyya ba. Jikinsa ne ya amsa, kamar yadda ya saba. Ya yaye mayafi, ya dafa ƙarfen gado, ya fara zuro lafiyayyar ƙafar ƙasa. Na duba ƙofa, ba Likita. Na duba Iya, ta toshe baki da gyale. Ni ba ƙarfi gare ni ba, amma ina da nauyi daidai gwargwado. Na faɗa a kan ƙirjinsa, nesa da wurin ɗinkin, na zagaye shi da hannuwa na kama ƙarfen gadon ta ɗaya gefen.

"Sake ni, mara kunya! Ni za ka wulaƙanta?"

"Ka yafe mini, Yaya. Ba zan sake ka ba."

A haka Mai Girma ya same mu. Yaya na zubar da hawayen baƙin ciki, hularsa a ƙasa, ni kuma fuskata a cikin wuyansa. Mai Share Hanya ya zazzaro ido kamar zai haɗiye ni.

Mai Girma ya dube mu, ya juya ga masu hoto ya ce, "Kun gani? 'Yan'uwa sun rungume juna suna kukan murna. Wannan shi ne aikin da muke yi."

Aka tafa. Aka ɗauki hoto. Bai tambayi sunan kowa ba, ya wuce. Ina jinjina wa basirarsa, domin ba kowa ke kallon kokawa ya ga godiya ba.

Washegari aka kwashe zannuwan. Dattijon da aka yi wa aiki bayan Yaya, a gadon da ke kusa da namu, aka ce masa maganin jijiya ya ƙare, sai dai haƙuri. Likita ta tsaya a kansa tana ba shi haƙurin, idonta jawur.

Yaya kuwa ya daina yi mini magana. Ko gaisuwata ba ya amsawa. Da mai koyar da tafiya ya zo, ya gwada cinyar ya ga ƙarfi ya dawo, ya kafa masa ƙarfen dogarawa. Yaya ya miƙe a hankali, gumi na keto masa. Ya ɗaga ƙafa ya ajiye, ya ji yadda take rawa duk da ƙarfin ya dawo, ya daɗe yana kallonta. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce wa Iya, "Gaya wa wancan ya zo ya riƙe ni ta nan gefen."

Na riƙe shi har bakin ƙofa.

Da girmana na koyi riƙe alƙalami, kuma aikin likita ba fagena ba ne. In na karkace a bayanin jijiya ko na allura, ina roƙon masana su daidaita mini, zan karɓa hannu biyu. Rubutun da aka yi a ƙarƙashin hotonmu ma akwai kuskure a cikinsa, amma na tambaya an ce can ba a karɓar gyara.