Ranar da Na Zama Baban Jamila

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta shekarun kiriz, lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, ba, ko da na so in manta ma mutanen unguwarmu ta New Bell a Duwala ba za su bar ni ba.

A lokacin ina akawu a wani biro, wato ofis, na masu fiton kaya a unguwar Akwa. Wanda ya ga zamanin ya san yadda aka sha: an datse albashi, guntun da ya rage ɗin ma sai ya ga dama yake zuwa. Duk da haka ban taɓa fita ba karabat, wato laktaye, a wuya ba. Ni ne mai karanta wa mutanen layinmu wasiƙar Faransanci, kuma a wurina wannan ba ƙaramar sarauta ba ce.

'Yata ta fari, Habiba, shekararta goma sha biyar, tana wasa a ƙungiyar ƙwallon hannu ta 'yan mata da wani tsohon malamin motsa jiki ya kafa a unguwa. Ban hana ta ba, amma ban taɓa taka filin ba. In ta dawo da yamma da ƙurjewa a gwiwar hannu, iyakar abin da nake cewa shi ne, "An gama guje-gujen? To, a ɗauki littafi." (Ina fakewa da kunyar 'yar fari, amma tsakani da Allah raina abin na yi. Wane mai karabat ne zai je ya zauna cikin rana yana kallon yara suna jifan juna?)

A shekarar ne ni da uwarta muka fara magana ƙasa-ƙasa a kan ko Habiba za ta iya ci gaba da karatu in ta gama ajin da take ciki. Ƙanne huɗu ne a bayanta, kuma aljihu ya riga ya faɗi gaskiyarsa. Yarinyar tana son karatu, ni kuma na kasa haɗa ido da ita in an zo kan maganar.

Ana cikin haka, ran nan na dawo daga aiki sai Maman Habiba ta tare ni tun daga ƙofa. Wai wata kwaleji mai ɗakin kwana a Bonaberi tana neman 'yan mata masu iya wasa, wadda aka ɗauka karatu da ci da kwana duk kyauta ne. Ranar Asabar wakiliyarsu za ta zo kallon wasan ƙungiyar su Habiba.

"Kuma koci ya ce Habiba ce ginshiƙin ƙungiyar," in ji ta.

Nan take na zama masoyin wasanni. Na gyara tsayuwa na ce, "Ai gado ba ƙarya ba ne. Ni ma a zamaninmu..."

"Baban Habiba," ta katse ni, "kai da ko bayan babur ɗin bensikin ka hau sai ka sauko kana haki?"

Na yi kamar ban ji ba. Da ta ce za ta bar bikin sunan da ake yi a gidan yayarta ta je filin, na ce ta yi zamanta, wannan magana ce ta manya, sai da Faransanci. Habiba kuwa ban gaya mata zan je ba, da sassafe ta fice abinta.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa. Ni ba na gani sosai sai da tabarau, kuma a shekarar hannun tabarau ɗina ɗaya ya karye, na ɗaure shi da baƙin zare. A biro ban damu ba, kowa da irin ƙullin da yake fama da shi. Amma da na iso bakin filin, sanye da kwat ɗin aurena, sai na ga bai dace wakiliyar babbar kwaleji ta ga uban yarinya da zare a kunne ba. Na cire na jefa a aljihu. Daga nan duk wanda ya wuce taku biyar daga inda nake ya koma kamar mutum a cikin ruwan sama.

Filin na sumunti ne, duk ya tsattsage, a bayan wata makarantar firamare. An yi ruwa da safe, rana ta fito, irin zafin nan na Duwala mai dafa mutum a cikin rigarsa. Na tambaya aka nuna mini wakiliyar, Madam Odil, wata gajeriyar mata da takalmin gudu da ɗan littafi a cinya. Na kutsa na zauna kusa da ita, na gabatar da kaina da Faransancin da nake ajiyewa don darakta. A bencin bayanmu akwai Alhaji Garba, Bakano mai sayar da shadda a kasuwar Marshe Santiral, da matarsa Hajiya Kande, 'yar layinmu. Ya fi shekara ashirin a garin nan amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa da tambayar farashi ba, don haka na ɗaga masa hannu daga nesa, irin na manya.

Aka hura usur. 'Yan ƙungiyarmu duk shigarsu ɗaya: koriyar riga, baƙin dogon wando, baƙin ɗankwali. Ni dai inuwoyi nake gani suna kai da komo. Can sai wata doguwa ta yi tsalle kamar za ta tashi sama, ta narka ƙwallo a raga. Lambar bayanta babba ce, har ni na iya karantawa: bakwai. Na yi lissafina na akawu. An ce Habiba ce ginshiƙi. Ginshiƙi ita ce mai ci. Habiba doguwa ce. Magana ta ƙare.

"Madam," na ce, "kin ga mai lamba bakwai ɗin can? C'est ma fille." Wato 'yata ce.

Ta gyaɗa kai, ta yi ɗan rubutu. Ganin alƙalami ya motsa sai bakina ya buɗe. Na ce ni na koya mata wannan tsallen. Na ce tun tana 'yar shekara biyar nake jefa mata mangwaro a tsakar gida tana cafewa (Allah Ya yafe mini, ko ɗanyen goro ban taɓa jefa mata ba). Da yarinyar ta sake ci da hannun hagu, na ce ai hagun nan gadon gidanmu ne, kakana ma bahago ne. Wani abu a can cikin kaina ya ce, yaushe Habiba ta zama bahaguwa? Na ce masa ya yi shiru, manya suna magana.

Madam Odil ba ta ɗaga ido daga filin ba ta ce, "Mai tsaron gidan naku fa, Mushe, yaya ka gan ta?" (Mushen Faransanci ke nan, wato Malam, ba namu na Hausa ba.)

Na hanga can ƙarshen fili, na ga wani abu ruwan ɗorawa yana motsi a bakin raga. Zuciyata ta ce, wataƙila gurbi ɗaya ne, kada waccan ta ƙwace wa 'yarka. Sai na taɓe baki.

"Waccan? Ai tsaye kawai take, kamar mai jiran taksi a Akwa."

Ban rufe baki ba sai na ji dum! Ƙwallo ta sami yarinyar a fuska, ta faɗi, ta miƙe da ƙwallon a ƙirjinta, jama'a suka ɗau tafi. Maimakon in yi shiru sai na ƙara gishiri.

"Kin gani ko? Ni abin da ke ba ni mamaki, wane irin uba ne zai bar 'yarsa ta tsaya ana jifanta a fuska? Ai wannan ba shi da tausayi. Ina jin ma bai san abin da take yi a nan ba."

Wannan karon Madam ta daɗe tana rubutu.

Dab da hutun rabin lokaci mai lamba bakwai ta ratsa tsakanin mutum uku ta sake ci. Ban san lokacin da na miƙe ba. Faransancin ya gudu ya bar ni, Hausar da aka haife ni da ita ta fito da ƙarfinta.

"'Yata ce! Wallahi 'yata ce! Jinina ce mai lamba bakwai!"

Sai na ji hannu mai nauyi a kafaɗata. Na waiwaya, Alhaji Garba ne, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Malam Akawu, gafarta mini, wacce ka ce taka ce?"

"Mai lamba bakwai mana, Alhaji. Ba ka ga aiki ba?"

"Ikon Allah," in ji shi a hankali. "To ni kuma mene ne nata? Maƙwabci?"

Kafin maganar ta gama shiga kaina Hajiya Kande ta dafe ƙirji ta miƙe.

"Innalillahi! Baban Habiba, ka ji tsoron Allah! Aurena kake so ka kashe a bainar jama'a? Jamila ce fa! Jamilata!"

Dariya ta fara daga bencinmu ta bi layi kamar wutar kara. Masu jin Hausa suna fassara wa marasa ji. Wata mai sayar da ruwan sanyi ta ɗaga murya, "Papa don loss yi pikin!" wato baba ya ɓatar da 'yarsa. Wani mai son lada kuma ya durƙusa kusa da Madam Odil yana mayar mata da komai Faransanci, kalma bayan kalma, bai rage ko ɗaya ba. Ni kuwa ina tsaye, gumi yana bin bayana, karabat ya zame mini igiyar akuya.

Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Sai aka hura usur na hutu, abin nan ruwan ɗorawa ya baro bakin raga ya nufo mu da gudu. Kowane taku yana ƙara fitowa fili. Da ya rage taku biyar sai ga Habiba, leɓenta na sama a kumbure, idonta yana ƙyalli don murna.

"Baba! Ka zo? Ka ga wadda na tare da fuska?"

Na shiga gyara karabat. Madam Odil ta rufe littafinta, ta dube ni, ta dubi yarinyar.

"Mushe," ta ce, "uban nan da kake tambaya ɗazu, ina jin mun same shi."

Da aka koma wasa na laluba aljihu na ɗauko tabarau na maƙala, da zarensa da komai. Wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. An yi sauyin gida, ragar Habiba ta dawo kusa da mu, a ranar na fara ganin abin da 'yata take yi. Ita ke tsara 'yan bayanta da murya, kuma in ƙwallo ta taho ba ta ko ƙifta ido. Ana gab da tashi aka ba abokan karawa jifan daga ke sai mai tsaron gida. Habiba ta buɗe hannu da ƙafa ta yi sama, ƙwallon ta daki ƙafarta ta yi waje. Kowa ya miƙe ban da ni. Alhaji Garba ya zungure ni ta baya.

"Malam Akawu, yanzu ne ya kamata ka yi ihun. Wannan kam taka ce, na shaida."

Bayan an tashi na bi Madam Odil har bakin titi. Na ce don Allah kada shirmen uba ya shafi yarinya. Ta yi dariya har tana riƙe littafinta a ƙirji.

"Kwantar da hankalinka, Mushe, a kwalejinmu ba ma ɗaukar iyaye. Masu jifa muna da su da yawa. Mai tsaron gida na zo nema, wadda ba ta rufe ido. Amma ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba, za ku ji ta hannun koci."

A ƙafa muka koma gida ni da Habiba. Jamila ta riga ta ji a bakin 'yan kallo, ta ba ta labari kaf, har da maganar taksi. Sai da muka yi nisa sannan ta ce, ba da fushi ba, "Baba, shekara uku ke nan ina tsaron gida. Kullum rigar nan tana shanye a igiya a tsakar gida." Wannan ta fi dariyar filin zafi. Sai na tsaya wurin mai tsire na saya mata, na ce a zuba yaji sosai. Ta nuna mini leɓenta. Ni na cinye tsiren, ita kuma tana ta dariya tana riƙe baki.

Labari ya riga mu isa gida. Maman Habiba tana zaune a ƙofar ɗaki ta ce, "Sannu da zuwa, Baban Jamila."

Kwana tara na yi ina zullumi kafin koci ya zo da takarda. An ɗauke ta. Ni da kaina na ɗora akwatinta a taksi muka haye gadar kogin Wuri zuwa Bonaberi, kuma daga ranar duk wasan da za ta yi, in dai a Duwala ne, ina bencin gaba. Yau malamar asibiti ce, da 'ya'yanta uku.

Sunan dai ya bi ni. Har yanzu in na ratsa layin masu shadda sai wani ya ɗaga murya, "Baban Jamila, an fito?" Da aka tashi auren Jamila, Alhaji Garba ya aiko mini da goro mai yawa da saƙon cewa ba za a ɗaura ba sai ɗaya uban ya iso. Na je, na zauna a sahun gaba, na ci shinkafa har na yi ƙari.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ba laifi ba ne mutum ya yi tutiya da ɗansa a gaban jama'a. Amma kafin ka bar gida, ka sassauta murya ka tambayi uwarsa wace irin riga ya saka.