Ranar da Na Tura Baƙona Limanci

Ba zan taɓa mantawa da Ashurar shekarar da aka kawo mana sabon injin gurza ba. Ko ni na so in manta, mutanen layinmu ba za su bari ba.

Ina aiki ne a ofishin wani kamfanin gurzar auduga a Funtuwa. A wannan shekara Ashura ta faɗo a farkon kaka, ana ta shirin fara sayen auduga, sai mai kamfanin ya ɗauko injiniyoyi biyu daga Turkiyya su haɗa injin. Da yake ni ne ake ganin na fi kowa Turanci a ofis (ni ma haka nake gani), aka ce ni zan riƙa kula da su. Ɗaya sunansa Kamal, mai surutu da shan taba. Ɗayan dattijo ne mai furfura, ba ya son hayaniya, sunansa Ishak.

Daga jin sunan na gama yanke hukunci. Baturke, kuma Isiyaku, me ya rage? Ga shi in ka yi masa sallama ya amsa, in injin ya tashi ya ce "masha Allah", in ka tambaye shi aikin gobe ya ce "insha Allah". Na lura ba ya cin nama a kantin kamfani, sai kifi da ƙwai da 'ya'yan itace. Na ce a raina, tsantseni ke nan, bai san wanda ya yi yankan ba. Ban taɓa ganinsa a masallacin kamfani ba, amma nan ma na samo masa uzuri da kaina: matafiyi ne, yana haɗa sallolinsa a ɗaki. Duk abin da bai yi daidai da lissafina ba, ni nake gyara masa zama.

Ranar Tasu'a, wato tara ga wata, da rana Ishak ya kira ni gefe ya ce gobe ba zai fito aiki ba, zai yi azumi.

"Allahu akbar!" na ce. "Mu ma gobe azumi muke. To wallahi a gidana za ka sha ruwa."

Ya ce, "Na gode ƙwarai. Amma azumina ya bambanta da naku."

"Na sani, na sani," na tare shi. "Ku Hanafiyya ne, mu Malikiyya. Ƙaramin abu ne."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, wayata ta yi ƙara, na ɗaga masa hannu na wuce. Abin da ya samu ya ce mini kawai shi ne zai zo, amma da ƙafa, kada in turo mota. (Masaukinsu ba nisa da gidana.) Na tafi ina girgiza kai, ina cewa dubi tawali'u.

Daga nan na samu Kamal na tambaye shi abin da Turkawa ke ci a irin wannan rana. Ya ce akwai wani kunun zaƙi mai kauri da suke kira ashure, ana dafa alkama da wake da busassun 'ya'yan itace da sukari, a rarraba wa maƙwabta. Sai kuma, in ina son burge baƙo, yankakken nama sirara a kan gurasa, a zuba miyar tumatir da narkakken man shanu, a sa kindirmo a gefe. Bai tambaye ni wa zan dafa wa ba, ni kuma ban faɗa ba, don ban yi niyyar gayyatarsa ba. Mutumin da na gani yana busa taba ranar Tasu'a? A'a.

Da na kai wa maiɗakina Hajiya Binta wannan bayani, kallona ta yi kamar na sha wani abu.

"Baban Aisha, wake da sukari?"

"Haka suke ci."

"To su ci a garinsu mana. Ni na riga na jiƙa wutsiyar layya ta cika-ciki, tuwona zan tuƙa. Shi baƙon ka tambaye shi abin da yake so?"

"Ba a tambayar baƙo. Ke dai ki yi yadda na ce."

Ta yi, amma duk unguwa sai da ta ji tana yi. Na aika aka sayo kindirmo mai kyau daga Dayi, na sayi cinyar rago, na bi kasuwa ina neman zabibi kamar mai neman magani. Wannan duk da sauƙi. Babbar ɓarnar bakina ne ya yi ta. Bayan sallar isha'i na tsaya a ƙofar masallacin layinmu ina ba da labari: akwai wani bawan Allah daga Santambul, ya ajiye aikin da ake biyansa da kuɗin waje saboda azumin nafila, mu nan muna ta ƙorafin zafi. Na gayyaci liman, Malam Tukur, da dattawan layi. Har surukina na buga wa waya a Ƙarfi na ce ya zo ya ga Musulunci.

Washegari da hantsi na leƙa masaukin baƙin. Ta taga na hango Ishak sanye da fararen kaya, da 'yar ƙaramar hula a tsakiyar ka, yana riƙe da littafi yana karantawa daga dama zuwa hagu, yana ɗan rausaya jiki. Ban matsa kusa na ga irin rubutun ba, don kada in katse masa ibada. Na koma da sanɗa, idona har da ƙwalla.

Da yamma aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana. Dattawa suka hallara, surukina ya iso da babbar rigarsa. Ishak ya zo da ƙafa kamar yadda ya ce, leɓensa a bushe, ya gaisa da kowa cikin ladabi. Aka kira magariba, kowa ya kai hannu ga dabino. Na zaɓi mafi kyau na miƙa masa.

"Ba yanzu ba," ya ce a hankali. "Sai taurari sun fito."

Wani dattijo ya tambaye ni me ya ce. Na fassara, na ƙara da sharhi daga aljihuna: "Wasu malamansu suna jinkirtawa kaɗan." Malam Tukur ya dube ni, ya dubi baƙon.

Da yake mun yi yawa, aka ce a yi sallar nan a kan tabarmi. Aka tayar da iƙama. A nan ne shaiɗan ya hau kaina sosai. Na ce, "Allah gafarta Malam, yau a bar wa baƙo ya ja mu, mu ji ƙira'ar Santambul." Kafin Malam ya amsa na kama hannun Ishak ina jansa gaba. Yana turjewa ina ja, ina ce wa jama'a, "Kunya ce, kun san masu ilimi." Sai da na kai shi har kan buzun liman.

Ya dafa kafaɗata, ya yi magana a tausashe, amma da Turancin da ko ɗan firamare zai gane.

"Abokina, ni Bayahude ne."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na dai san hannuna na riƙe da nasa, kuma na kasa saki. Surukina, wanda kunnensa ba ya ji sosai, ya ɗaga murya daga sahu: "Me ya ce? Ba shi da alwala ne?"

Babu wanda ya taimake ni. Ni da bakina na fassara.

Duk idanu suka koma kan Ishak. Gaskiya tsoro ya kama ni, ba don kaina kaɗai ba. Na jawo mutum cikin taro, yana baƙo a ƙasar da ba tasa ba, ban san abin da wani zai furta ba. In aka ci masa fuska ya haɗa kayansa, injin ya tsaya ana gab da kakar auduga, ni ma aikina ya tsaya.

Malam Tukur ne ya fitar da mu. Ya ce da ni, "Sakar masa hannu mana." Ya sa aka kawo kujera aka ajiye wa Ishak a gefe, ya ce in gaya masa ya zauna ya huta, baƙonmu ne. Sannan ya hau buzunsa ya ja salla. Ban taɓa yin sallar da hankalina ya rabu gida goma irin wannan ba, Allah Ya yafe mini. Ina jin kafaɗar na kusa da ni tana rawa, yana danne dariya.

Bayan an sallame Malam ya zauna kusa da baƙon, ni kuma aka mayar da ni tafinta, wanda shi ne hukuncin da ya dace da ni. Ishak ya yi bayani cewa a Santambul aka haife shi, kakanninsa ma haka. Yau ce rana mafi girma a shekararsu, suna kiranta Kippur, ranar neman gafara. Tun faɗuwar ranar jiya bai ci ba bai sha ba, babu sahur, ba aiki, ba hawa mota. Dattawan da suka sha kunu da asuba suka fara kallon juna. Malam ya ce ai ya karanta cewa Yahudawan Madina ma an same su suna azumi a rana irin ta yau, amma bai taɓa zaton zai ga mai yi da idonsa a Funtuwa ba. Suka shiga hirar Annabi Musa, ina fassarawa ina gumi.

Da taurari suka fito Ishak ya yi addu'arsa a hankali ya sha ruwa. Na ce to, ko abincin ya wanke ni. Na buɗe tiren nama da kaina, man shanu na ƙyalli, ga kindirmon Dayi a gefe. Ya dube shi, ya dube ni, na ga tausayina a idonsa.

"Ka yi haƙuri. Ba ma haɗa nama da nono."

Daga bayan ƙyauren zaure na ji muryar Hajiya Binta, ba ta ko rage ta ba: "Me ya ce kuma?"

Wake da sukarin nan da aka yi ta yi mini gori a kansa, shi ne kawai abin da Ishak ya ci. Ya ɗanɗana, sannan ya ce tun yana yaro maƙwabciyarsu Musulma ke aiko musu da shi duk shekara, bai yi tsammanin samunsa a nan ba. Ya cinye ya nemi ƙari, ya ce a yi wa uwargida godiya. Naman kuwa dattawa suka share shi tas, surukina yana ci yana cewa, "Kai dai ba ka iya bincike ba, amma 'yata ta iya girki."

Da safe na tare Kamal a bakin injin, raina a ɓace, na ce me ya sa bai gaya mini ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ka tambaye ni? Kuma ni da nake Musulmi ai ba ka gayyace ni ba." Na koma ofis na rufe ƙofa.

Sun gama aikinsu lafiya, injin ya tashi, Ishak ya rungume ni ranar tafiya ya ce bai taɓa samun girmamawa irin wannan ba. Har yau ban gane ko zolaya ce ba. Mutanen layinmu kuwa tun daga ranar suka laƙaba mini "Na'ibin Santambul", har yara sun ɗauka sunana ne na gaskiya.

Abin da na koya bai da yawa. In mutum ya ce maka nasa ya bambanta da naka, rufe bakinka ka bar shi ya ƙarasa. Yanzu ko baƙo ya zo mini da rawani har ƙirji da carbi a wuya, ruwa kawai nake ba shi in nuna masa wurin zama. Zancen limanci kuwa na bar wa Malam Tukur.