Yadda Tsuntsayen Gonarmu Suka Shiga Littafina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ƙaddamar da littafina na farko, kuma ko na so mantawa, mutanen unguwarmu a Haɗeja ba za su bar ni ba.

Ni dai ba wanda ya koya min rubutun littafi. A waya na koya, a zaurukan marubuta, inda kowa ke sakin shafinsa kullum ana yi masa sharhi. A nan na gano ashe yanzu ba ka buƙatar kowa. Bangon littafi? Akwai manhajar da za ta zana maka. Tsara shafuka? Akwai. Sai kuma wadda na fi ƙauna: kana magana tana rubutawa, da Hausa kuma. Ranar da na same ta, har a wurin mai shayi sai da na yi wa mutane lacca cewa zamanin kai littafi Kano a zauna jiran mai dubawa ya wuce. (Ba wanda ya tambaye ni. Mai shayin ma cewa ya yi in matsa, na tare masa murhu.)

Labarin soyayya ne. Saurayin sunansa Kamal, budurwar kuma Fatima, mai wushirya, babanta na sayar da busasshen kifi. To, yarinyar da nake zuwa zance wurinta sunanta Falmata, tana da wushirya, babanta kifi yake sayarwa. Ni a ganina na ɓoye sosai. Shirina shi ne, abin da bakina ya kasa faɗa mata a ƙofar gidansu, Kamal ya faɗa mata a babin ƙarshe a gaban jama'a. Don a lokacin akwai wani mai shagon waya da ke yawan bin layinsu, shi yana da mashin, ni kuwa littafin nan ne kaɗai jarina.

Na riga na sanar da ranar ƙaddamarwa, babin ƙarshe bai samu ba, sai shinkafarmu ta fitar da kai. Duk wanda ya san fadama ya san me ke biyo baya: tsuntsaye, garke guda kamar hadari. Baba ya ce, "Marubuci, daga gobe kai ne a gona."

Ban damu ba. Na hau rumfar gadi, igiyar gwangwanaye a hannu, waya a aljihun gaba, na ce ai ofis ya samu. Ina zuba kalaman soyayya, in tsuntsaye suka sauka in ja igiya in kore su, in dawo kan Kamal. Wani a zaurenmu ya taɓa cewa manhajar tana tace hayaniya da kanta. Na yarda. Abin da ban tambaya ba shi ne ko ihun mai wayar ma hayaniya ne a wurinta.

Malam Garba, tsohon malaminmu na Hausa, wanda na roƙa ya karanta wani yanki a wurin taro, ya ce, "Kawo in duba maka kafin a buga, ɗana."

Na ce, "Malam, Allah ya ƙara girma, ai na'ura ta gama komai."

Ni kaina ban karanta ba. Ni na faɗa da bakina, me zan karanta? Bangon nake ta kallo.

Ranar Asabar da la'asar aka cika wani ajin firamare da muka aro. Falmata a bencin gaba da ƙawayenta, yayanta Bukar a gefe ya harɗe hannu, Baba a baya. Na raɗa wa Malam cewa babin ƙarshe nake so. Ya gyara tabarau, ya fara da irin muryar masu karanta labarai a rediyo:

"Kamal ya dubi Fatima ya ce, tun ranar da na fara ganinki a bakin kogi zuciyata ba ta sake samun, haa, haa, tashi ɓarauniya. Kin dawo ko? Kullum ke ce a gaba wajen ci."

Ajin ya yi tsit. Malam Garba kuwa mutum ne mai riƙon amana, abin da ke kan takarda shi zai karanta, ko muryarsa bai sauya ba.

"Ya dubi gefen mayafinta ya ce, ba ni da wani buri a duniya sai in ga, ke da danginki duka, kun cinye mu tun ba a yi girbi ba. Wallahi na kama ki sai na gasa ki."

Bukar ya warware hannu. "Dangin wa?"

Wani dattijo ya ce masa, "Zauna, yaro, salon zamani ne."

Na miƙe zan yi bayani, bakina ya ƙi. (Ni ne fa mai lacca a wurin mai shayi.) Malam ya ci gaba:

"Fatima ta sunkuyar da kai cikin kunya ta ce, kai da wa kake surutu, ga su can sun sauka ta gabas, sakarai."

Daga can baya Baba ya ɗaga hannu, fuskarsa cike da alfahari. "Wannan maganata ce. Ashe har da ni a littafin."

Nan ajin ya fashe. Bukar har da dukan benci. Falmata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ni dai ta taga na so fita, sai na ga akwai ƙarfe.

Na daɗe ban bi ta layinsu ba. Da na ga mai mashin zai gaje filin, na daure na je. Ta fito da littafin a hannu.

"Na karanta duka," in ji ta. "Kamal ɗinka ya cika iyayi. Babin ƙarshe ne kaɗai na ji muryarka."

Ta buɗo babin ta nuna min da yatsa.

"Amma bai ƙarasa ba. Ba shi da buri sai ya ga me?"

Na ɗaga kai na duba sama, babu ko tsuntsu ɗaya da zai cece ni. Dole na ƙarasa da bakina, ina in-ina, ba manhaja ba komai.

Ta ce, "To, zan yi tunani. Amma maganar gasawar nan a cire ta."

Yanzu ina kan littafi na biyu, kuma har gobe ina amfani da manhajar, don ba ta yi min ƙarya ba, abin da na faɗa ta rubuta. Sai dai na koyi cewa kafin ka tara mutane su ji littafinka, ka fara zama ka ji shi kai kaɗai. Malam Garba ne ke duba min yanzu. Duk shafin da na kai masa, sai ya leƙo ta saman tabarau ya tambaya, "Wannan a gida aka yi shi, ko a gona?"