Kaset Ɗin Shaƙiyyi Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da na sunkuyar wa kowa da kai ba, ni mai askin da ke jikin shagon tela, a madadin kaina da iyalina da duk wanda ya taɓa ɗumama bencina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kaset ɗina, wanda kowa ya sani da kaset ɗin Shaƙiyyi. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a cikin rikodar da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa hidima, yana da shekara talatin da ɗaya a duniya. Ya rasu saura kwana uku in kai shi gaban mutumin da kiɗansa ke ciki, domin jikokin mutumin su ji da kunnuwansu ko wane ne kakansu. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, gara in faɗe shi tun daga sama.

Saboda waɗanda aka haifa jiya, Shaƙiyyi makaɗin jita ne, jita ta katako wadda ba a jona ta da wuta. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da mai ganga. Kujera ɗaya ake ajiye masa, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, shi ke nan taro ya haɗu. Idan ka rufe ido sai ka rantse mutum uku ne ke aikin: babban yatsa yana riƙe da gindin kiɗan, sauran suna ta tsere a sama, tafin hannu kuma yana ƙwanƙwasa cikin jitar. Sunan ma ba a banza aka laƙaba masa ba, don bai iya minti biyar bai tsokani wani ba, kuma da jitar yake tsokanar. Bai taɓa yarda ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba. Ya ce shi ba ya yi wa bango kiɗa. Iya sanina, kuma na yi cigiya har na gaji, marigayin nan shi kaɗai ne shaidar da ta rage a bayan ƙasa.

An haifi marigayi wata Lahadi da la'asar, a ɗakin taron ƙungiyar ma'aikata, a ƙarƙashin kujera ta uku daga gaba. Ni na karɓi haihuwarsa. Na ɗauko rikodar yayana ba da saninsa ba, na cusa ta a jaka, na danna jan maɓalli da babban yatsan ƙafata. Har yau ban nemi gafarar wannan sata ba, kuma ba ni da niyya.

Marigayi mai riƙon amana ne. Abin da ya ji a ranar nan bai ƙara ba, bai rage ba. Yakan fara da ƙarar jan kujeru da numfashin wani saurayi mai tsoron a kama shi, wato ni. A minti na huɗu wani dattijo ya yi tari, jitar ta maimaita tarin daidai wa daida. Dattijon ya sake, ta sake. Sai muryar Shaƙiyyi: "Baba, ko dai ka karɓi jitar ni in riƙa tarin?" Can gaba wata mata ta shigo a makare da takalmi mai tsini, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kiɗan ya bi sawunta taku bayan taku, ta tsaya ya tsaya, ta yi sauri ya yi sauri, har ta faɗa kan kujera ya sauke mata wata doguwar ajiyar zuciya da tsirkiya mai kauri. Dariyar da aka yi a wurin sai da ta sa jakar ta faɗi, ana jin faɗuwar.

Amma darajar marigayi tana gefe na biyu. Ana tsakiyar kiɗa mafi sauri, sai ka ji tas! Tsirkiya ta tsinke. Sai Shaƙiyyi ya ce, cikin sanyin murya, "Autarsu ta ce ta gaji. Ku bar ta ta huta, sauran biyar sun san hanya." Daga nan ya yi minti tara a kan tsirkiya biyar, kuma duk wanda ya ce ya ji gurbin ta shidan maƙaryaci ne. Na ji wurin nan sau dubbai, ban taɓa jin sa tsigar jikina ba ta tashi ba.

Shi ya sa shagona yake da doka. Idan kaset ya iso wurin tsinkewar tsirkiya, kilifa tana tsayawa. Ko rabin kai na aske, sai a jira. Akwai ango da ya zauna minti tara da gefe ɗaya a aske, abokansa na ta danna masa hon a waje, bai motsa ba, kuma auren bai fasu ba. Wanda ke sauri, ga masu aski nan birjik a gari, ban ɗaure kowa ba.

Marigayi ya sha fama da jinya a rayuwarsa, bai taɓa ƙorafi ba. Sau biyu zarensa yana tsinkewa, sau biyu ina ɗinke shi da reza da jan farcen uwar yarana, wadda har gobe take cewa ban maida mata kwalbar ba. Biro nawa suka ƙare a cikin idonsa wajen naɗe shi, Allah kaɗai ya sani. A shekarun baya muryarsa ta ɗan fara rawa a ƙarshen gefe na farko, irin ta manya, mu kuma muka karɓe shi a haka.

Makon jiya wata mata ta yi sallama a shagon, malamar makaranta, ta ce ita 'yar Shaƙiyyi ce. Sai da na nemi wuri na zauna. Ta ce mahaifinta yana nan da rai, a gidanta, amma rawar hannu ta kama shi. Shekara shida ke nan da ya ɗora jitar a kan kabad, ya hana a sauko da ita, ya hana a yi zancenta. 'Ya'yanta uku sun ɗauka kakansu wani tsoho ne kawai da ke zubar da shayi a riga. In ta ba su labari sai su kalli juna. Ta ce, "Baba, an ce mini kai ke da shi. Ka ara mini kwana ɗaya, wallahi zan dawo da shi da hannuna." Na ce mata ba a aron sa, ko yayana da aka haife shi a rikodarsa bai taɓa kwana da shi ba, amma ranar Asabar ni da kaina zan kawo shi, in kunna, in zauna, in dawo da abina. Ta yi dariya ta ce to.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Laraba na ce baƙon da za a kai gaban babban mutum bai kamata ya je da tsatsa a murya ba. Na buɗe rikodar na goge ta da auduga da sifirit, kamar yadda nake goge kayan aikina. Da na tsaya nan da yanzu ba ku karanta wannan takarda ba. Sai na ga wata 'yar taya ta roba a ciki ta bushe, tana ɗan ƙara. Shekara arba'in hannuna ya saba: abin da ke juyawa in ya yi ƙara, mai yake so. Na ɗauko man kilifa na ɗiga mata ɗigo uku, har da hura mata baki. Na sa marigayi, na danna.

Ya yi jan kujeru, ya yi tarin dattijo. Matar mai takalmi ta yi taku biyu, a na uku ƙafarta ta ja, kiɗan ya yi wani irin nishi, uuuuu, sai ƙurrr, sai shiru. Ina buɗe murfin na tarar da zaren ya fito ya naɗe ƙarfen ciki, ya cukurkuɗe, ya jiƙe sharkaf da mai. Na ja a hankali, ya biyo ni guntu-guntu.

Na ruga da shi wurin mai gyaran rediyo a cikin hulata. Ya sa tabarau, ya ɗaga zaren a hasken ƙofa, ya shafa, baƙin jikin zaren da ke riƙe da kiɗan ya biyo yatsansa. Sannan ya ce, "Maigida, wa ya ce maka ana sa wa wannan tayar mai? Ai da bushewar take kama zaren." Na ce ya gyara ko me zai ci. Ya ce, "Sai haƙuri. Ko na ɗinke shi, babu kowa a ciki." Na fito na tsaya a bakin titi da hula a hannu, kuma ba zan ɓoye ba, na yi kuka.

Ina godiya ga waɗanda suka zo jaje. Ina kuma da amsa ga wasu daga cikinsu. Ga wanda ya ce ai roba ce kawai: na ji, kuma kada ya sake zama a bencina. Ga surukina, mijin babbar 'yata, wanda ya zaro waya ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, yanzu babu abin da babu a nan," ya yi ta shafa gilashi har shayinsa ya huce bai samo ko tarin dattijon ba: ina gaishe shi da ƙoƙari.

Sai masu cewa laifina ne da ban bari an kwafe shi ba. Surukin nan ya roƙe ni sau biyar ya zuba shi a waya, na ƙi. Na ƙi ne don na ga yadda kuke jin kiɗa yanzu: daƙiƙa goma, yatsa ya ture, an wuce. Ban yarda a ture Shaƙiyyi da yatsa ana cikin layin mota ba. Na ce wanda ke son ji ya zo ya zauna ya ji daga farko, kuma mutane sun zo sun zauna shekara talatin da ɗaya. Man kilifa kuskurena ne, na ɗauka, zan kwana da shi in tashi da shi har in mutu. Amma wancan ba kuskure ba ne, ba kuma zan ba kowa haƙuri a kansa ba.

Marigayi ya rasu ya bar rikoda ɗaya, wadda ke kan kantar shago tana zaman takaba da murfi a buɗe. Ya bar kwalinsa mai tsagaggen gefe, da biro ɗaya, da rabin kwalbar jan farce. Ya bar ni. Ya kuma bar wasu magada da ni kaina ban san da su ba sai ranar Alhamis.

Ranar nan na buɗe shago don kada a ce na gudu. Babu abin da ke ƙara sai kilifa. Tela, maƙwabcina, yana kan benci yana jiran layi, sai na ji yana gunjin gindin kiɗan a maƙogwaro, bai ma san yana yi ba. Wani direba da nake yi wa aski ya kama bugun da yatsu a hannun kujera. Ni kuma bakina ya shiga fito da kansa. Muka tafi, muka tafi, ba wanda ya kalli wani, har muka kai wani lungu da kiɗan ke juyawa, duk muka ɓace. Sai daga bakin ƙofa aka rera mana wurin daidai. Uwar yarana ce ta kawo mini abinci. Matar da ta shekara talatin tana cewa kaset ɗin nan zai kashe ta da ciwon kai. Ta dire kwanon ta ce, "Ku ba ku ma iya ba. Ku koma daga baya." Muka koma. Kafin azahar mun fitar da gefe na farko, jiya Juma'a muka haɗa na biyu.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Ba za a binne marigayi ba, ba kuma za a jefa shi a kwandon shara ba, duk mai wannan shawara ya riƙe abarsa. An naɗe shi a sabon hankici, zai tafi a aljihun gaban rigata. Za a taru a ƙofar shago yau Asabar da ƙarfe goma na safe, a taka da ƙafa zuwa gidan malamar. Na kira ta na faɗa mata gaskiya tun ranar Laraba, ta ce mu zo duk da haka. Ta yi alkawarin zaunar da yaran uku a gaba, ta kuma sauko da jitar daga kan kabad ta jingine ta kusa da kujerar tsohon, ko da zai yi faɗa.

Tela zai riƙe gindi, direba bugu, ni fito, uwar yara kuma ita ce mai tsawatarwa. Duk wanda ya taɓa zama da rabin kai a shagona ya zo da bakinsa. Masu zuwa kallon tsofaffi suna abin kunya su ma ba a hana su ba, a dai tsaya daga baya.

Roƙo ɗaya nake yi ga masu rakiya. A tsakiyar gefe na biyu zan kauce hanya, in yi fiton da ba shi ba ne, kuskure mai muni wanda ko kurma zai ji. Da gangan zan yi. Kada tela ya taɓa ni, kada uwar yara ta buɗe baki. Na san mutumin nan shekara talatin da ɗaya ko da shi bai san ni ba, kuma ban yarda zai iya zama ana kashe masa kiɗa a gaban jikokinsa, jita tana jingine a gwiwarsa, ya yi shiru ba. Zan yi ta maimaita kuskuren har sai ya miƙa hannu.