Rasuwar Rumbun Rabo, Wanda Gari Ya Cim Masa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Rabo Wada na sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Maraɗi, Tibiri da Jiratawa rasuwar dattijon gidansu, rumbun ƙasar nan da ake yi wa laƙabi da Mai Tumbi. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara arba'in da ɗaya, a tsaye inda aka gina shi, bayan doguwar jinya.

Wada, mahaifin Rabo, shi ya ɗauko magini daga Adar ya ɗora shi bisa duwatsu tara a bakin gandunsu, kan hanyar Tibiri. A lokacin, in mutum ya hau bakinsa ya waiga, gero yake gani iyakar ganinsa, Maraɗi kuwa sai hayaƙinta can nesa. Marigayin bai taɓa zuwa birni ba. Birni ne ya taso ya same shi.

An shaide shi da riƙon amana da rufin asiri. Abin da aka ba shi da kaka, shi yake mayarwa da bazara, bai taɓa cewa ɓera ya ci ba. Ba shi da yawan magana. In Rabo ya buga masa tafin hannu a ciki ya amsa da "dim", gidan ya kwana da daɗi. In ya ce "gwam", sai a rage tuwo, maƙwabta ba su sani ba. A can sama, ƙarƙashin jinka, yake ajiye abin da ya fi komai: damin iri, zangarkun da Wada ya fara zaɓa da hannunsa, Rabo ya ci gaba da zaɓa kowace kaka. Gero ne mai dogon kai, ba a samun irinsa a kasuwa.

Ciwon ajalin ya fara ne shekarar da aka raba gado. 'Yan uwa suka sayar da nasu, masu awon fili suka zo da igiya da turakun siminti, gandu ya koma parsel-parsel, wato ƙananan filayen gini, kowa da katangarsa. Rabo ya tashi da fili guda na gida, rumbun kuma ya faɗa wajen katanga, tsakanin mai buga bulo da shagon cajin salula. Tun daga nan cikinsa bai sake cewa "dim" ba. 'Yan kabu-kabu suka mayar da shi tasha, fasinja ya ce a sauke shi Rumbu, masu talla suka lilliƙa masa takardu har wuya. Ya jure duk wannan wulaƙanci.

Rabo ne ya kasa jurewa. Mutum ne da bai iya zama ba, kuma aka bar shi ba abin yi. Da an yi ruwan fari sai ya saɓa hauya ya fita, ya zaga unguwa, ya tsaya bakin katangar wani yana nuna inda gawo yake a da, ya dawo da hauyar ko ƙura ba ta taɓa ba. Shekara biyu ya samu aron gona ya sabunta irin. A ta uku mai gonar ya ba shi haƙuri, ya ce masu awo sun iso. Rabo ya mayar da damin ƙarƙashin jinka, yana cewa baɗi.

Sai jinkar ta tsufa. Rumbun ƙasa yana son sabuwar hula kafin damina, amma fadamar da ake yankan shuci ta zama gidaje. Rabo ya taka har bayan Tibiri bai samo abin kirki ba. Ɗansa Shamsu, wanda ke kabu-kabu, ya kawo baƙar leda mai kauri, suka naɗe kan marigayin tsaf suka ɗaure da roba. Tasalla, matar Rabo, ta ce musu rumbu da kai yake numfashi. Rabo ya ce ita da ba ta taɓa leƙa cikinsa ba, tunda a gidansu mace ba ta hawa rumbu, ina ta san numfashinsa. Yau ba abin da ke cinsa kamar wannan magana, kuma ya yarda a rubuta ta a nan.

Damina guda marigayin ya yi yana zufa a cikin leda. Ruwan da ke gangarowa daga katangar maƙwabci kuma ya riƙa cin gindinsa. Tasalla ce ta fara jin warin, ita da ba ta hawa. Ranar Talata, Rabo na jingina tsani, sai aka ji "rugum", gefen gabas ya zube. Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Damin irin ya fito baƙi ƙirin, ya yi fumfuna.

Tasalla ba ta ce ai na faɗa ba. Ta murje zangarkun da suka fi dama, ta zuba tsabar a jiƙaƙƙen tsumma ta rufe da ƙwarya. Bayan kwana uku ƙwaya bakwai suka tsiro.

Marigayin ya rasu ya bar duwatsu tara, tsani guda, hauya da ba ta da aiki, tashar kabu-kabu mai sunansa, da waɗannan marayu bakwai. Tsakar gidan Rabo siminti ce tun da aka yi ɗakunan haya. Shamsu ya ce a dasa su a gwangwani, uban ya ce geron Wada ba fure ba ne. Yau da sassafe Rabo ya je Jiratawa wurin ƙanwarsa Tabawa, ya tarar ta cika 'yar gonarta da zogale har bakin iyaka, ta ce ya bari sai ta yi shawara da 'ya'yanta. Tsiron kuwa ba ya jiran shawara, ya riga ya fara neman ƙasa ta cikin tsumman. Rabo na buɗe ƙwaryar ya rufe, ya fita ƙofar gida ya dawo.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da safe, kafin masu bulo su fara aiki. Za a sauke ragowar gawar da hannu, ba da mota ba, a kwashe ƙasar a amalanke. Zaman makoki a ƙofar gidan Rabo, duk ɗan kabu-kabun da aka ce wa Rumbu ya san wurin. Iyalan na roƙon masu niyyar kawo hatsin gaisuwa su haƙura, don babu inda za a zuba shi. Amma wanda Allah ya bar wa ƙasa inda masu awo ba su kai ba, ko da ta rami bakwai ce, ya taimaka ya zo da wuri. Zai tarar da Rabo a tsaye da hauyarsa.